Tafkin Chadi: taro ya isa haka

Har yaushe za a yi ta tara alƙawura da sunan Tafkin Chadi, alhali mutanen bakin tafkin suna kwana da yunwa?

A Oslo, cikin 2017, masu ba da agaji sun yi alƙawarin dala miliyan 672. Da shekara ta zagayo aka haɗu a Berlin, aka ambaci fiye da dala biliyan 2. A 2023 kuma aka taru a Yamai, aka sake tafawa. To, ina aikin?

A 2018 Hukumar Tafkin Chadi, da goyon bayan Tarayyar Afirka, ta fitar da tsari guda na farfaɗo da yankin, daga Borno da Yobe da Adamawa zuwa Diffa, har Chadi da arewacin Kamaru, domin kowa ya bi hanya ɗaya. Masu kuɗi suka yaba da baki. Da aka watse, da yawansu suka koma gidan jiya, kowa da ofishinsa da motocinsa da rahotonsa.

Jama'a, ku je ƙofar sansanin 'yan gudun hijira ku ƙirga alluna. Kowace ƙungiya ta kafa tambarinta. A nan ana ɗaukar sunan mace ɗaya sau uku, ƙauyen da ke gaba kuwa ko kallo bai samu ba. Ga rijiyar burtsatse ta mutu tun bara, fentin allonta bai ko koɗe ba. Wanda ya haƙa ta ya ɗauki hoto ya tafi, bai koya wa kowa gyara ba. Wannan shi ne haɗin kan?

Kada gwamnatocinmu su fake da laifin baƙi. Su suka kafa hukumar nan tun 1964, su ne kuma ke jan ƙafa wajen biyan kuɗin da aka yanka musu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma hukumar da masu ita suka bari tana roƙo, da wane baki za ta ce wa mai kuɗi ga inda zai sa?

Batun janyo ruwa daga kogin Ubangi zuwa tafkin ma an yi shekara da shekaru ana yi, ko shebur ba a kafa ba.

Masuncin Baga da manomin Bosso sun gaji da jira. Ku tambayi gwamnoninku da wakilanku nawa ya shigo, ta hannun wa, kuma me aka yi da shi. Kafin a kira wani taron, a fara kawo lissafin na baya.