Manhajar da mai ita ya watsar, a ɗauke ta

Akwai wata kunya da ta kama mu ɗalibai, wadda ba ta tsinana wa kowa komai. Mutum ya rubuta ƴar ƙaramar manhaja da ake maƙala wa babba don ta ƙara mata aiki, ya saka ta a fili da lasisin da ya ce kowa na iya ɗauka ya gyara, sannan ya ɓace, shekara uku ko huɗu ba ya amsa saƙo. Mu kuma muna zaune muna jiran shi. Kana cewa a kwafe ta a ci gaba da ita da wani suna, sai wani ya ɗaga hannu ya ce ai wannan cin amana ne. Amanar wa, don Allah?

Ku dubi Redmine, manhajar tsara aikin ƙungiya da Jean-Philippe Lang ya fara a 2006. Lasisinta GPL ne, wato an ba ka izini a rubuce ka ɗauka, ka canza, ka raba, muddin kai ma ka bar naka a buɗe. A Disamba 2018 da siga ta 4.0 ta fito, an canza harsashin da take kai, maƙale-maƙale da yawa sunka daina aiki. Waɗanda masu su ke nan an gyara su. Saura sunka zama marayu. Ɗaya daga cikin marayun nan muke amfani da shi wajen bin diddigin kalmomin da muke tattarawa na Hausar Dakoro, kuma har yau in ka neme shi da ƴ sai ya kawo maka y, ƙ kuwa ya jefa ta can ƙarshen jeri bayan z. Gyaran bai wuce na yini guda ba. Wanda ya rubuta shi bai san Adjekoria ba, bai san cewa tun 1999 Nijar ta tsayar da ƴ a ƙa'idar rubutunta alhali Nijeriya na rubuta 'y ba, kuma ba laifinsa ba ne. Laifin wanda ya sani ne ya naɗe hannu.

A ƙauyukanmu mun san wannan labari da famfo. Foroje ya zo ya haƙa, ya kafa allo, ya tafi. Roba guda ta lalace, mata sunka koma tsohuwar rijiya, kowa na cewa famfon masu foroje ne, ba a taɓawa. Ga makaniki nan cikin gari hwa.

Masu adawa na da hujja guda mai nauyi, ba zan ɓoye ta ba. Suna cewa tsaga reshe na raba ƙarfi, kuma suna nuna ChiliProject: a 2011 wasu masu aikin Redmine sunka ware don ba su gamsu da yadda ake tafiyar da ita ba, zuwa 2015 reshen nasu ya mutu, Redmine na nan. Gaskiya ne. Amma daga jikin ChiliProject ɗin nan aka tsaga OpenProject a 2012, wadda har yanzu ake renonta a Balin ta Jamus. LibreOffice da ke cikin ordinatocinmu da yawa ita ma reshe ce, an tsage ta daga OpenOffice a 2010 bayan Oracle ya sayi kamfanin Sun. Kuma duk waɗannan rabuwa ce da mai gida yana raye yana aiki. Mu maganarmu ta gidan da ba kowa ce. Wane ƙarfi za a raba?

Abin da nake tsoro wani ne daban. A 2018 wani da ya gaji da kula da ƴar manhajarsa mai suna event-stream ya miƙa makullinta ga baƙon da ya nema, baƙon ya cusa mata abin satar kuɗin bitkoyin, mutane kuwa sunka ci gaba da sauke ta don sunan bai canza ba. Shi ya sa ban yarda a shiga rigar mai abu a ɓoye ba. A rubuta mishi, a ba shi wata guda ko biyu. In shiru, a kwafa da sabon suna, a bar sunansa a kan aikinsa, a faɗi abin da aka canza, kuma kada makulli ya zama a hannun mutum ɗaya. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, don mu ne gwanayen haka: ɗalibi ya kammala memuwar, ya tafi hidimar ƙasa, aikin shekara biyu ya tafi cikin kilen USB ɗinsa.

A Maris 2025 Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Mun yi tafi, ni ma na yi. Sai dai wasiƙun ofis da rijistar makaranta da za a rubuta da Hausar nan, cikin manhajoji za a rubuta su, kuma babu wani a Faransa da zai tashi da asuba don ya koya musu inda ɗ take zama a jeri. Mu uku mun riga mun aika wa mai maƙalen nan saƙo. In hutun nan ya wuce bai amsa ba, za mu tsaga. Muna neman mutum biyu daga sashen ilimin kwamfuta, da wani daga Tawa ko Damagaram da zai kawo mana kalmomin gwaji na wajensu.