Agogon Gado a Ƙasar Gobir: A Karanta Shi Kafin a Yi Masa Kuɗi

A gidaje da yawa na Sabon Birni da Isa, abin da ya fi kowane kaya ɗaukar tabbatacciyar shekara a jikinsa shi ne tsohon agogon hannu da maigida ya bari. Takardar haihuwa ba kowa ke da ita ba, fasfon aikin hajji sau da yawa gara ko hijira ta ci shi, labarin baka kuwa yana auna zamani da yunwa ko da sarautar wani sarki. Agogo ne kaɗai aka buga wa lamba tun a masana'anta. Duk da haka shi ake fara sayarwa idan hali ya yi tsanani, kuma da wuya a samu wanda ya juya bayansa ya duba.

Shekarun nan na 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka masu yawa a gabashin Sakkwato, wasu suka koma cikin gari, wasu suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Mai gudu da iyali ba ya tsayawa ciniki, mai saye kuwa ya san haka. A wajen rabon gado ma haka take: shari'a tana buƙatar a ƙiyasta kowane kaya kafin a fitar da kason kowa, agogo kuma ana yi masa kuɗi da ido. Wani lokaci a raina shi, a cuci marayu. Wani lokaci a ɗauke shi wata dukiya saboda hoton da wani ɗan gidan ya gani a waya, zumunci ya ɓaci a kan abin da bai kai kuɗin tunkiya ba.

Mafi yawan waɗannan agoguna tsarabar Makka ce. A shekarun arzikin man fetur alhazan Najeriya sun ƙaru ƙwarai, har suka haura dubu ɗari a 1977, kuma kasuwannin Jidda da Makka sun cika da Seiko da Rado da Citizen da West End. Wasu kuma sun shigo ta hannun fatake daga Kano ko Maraɗi.

Seiko ne ya fi sauƙin karantawa, shi ne kuma ya fi yawa. A murfin bayansa akwai jerin lambobi shida ko bakwai. Ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata ne, daga 1 zuwa 9, sai 0 (ko O) ta tsaya wa Oktoba, N ta tsaya wa Nuwamba, D ta tsaya wa Disamba. Matsalar ita ce lamba ɗaya ba ta faɗin zango: 9 tana iya zama 1969 ko 1979 ko 1989. Abin da ke raba gardama wata lamba ce dabam a kan murfin, mai kashi biyu da ɗan layi a tsakani, wadda kashinta na farko sunan injin ne. Injin 6309 an yi ta ƙera shi daga 1976 zuwa wajen 1988, saboda haka agogon da ke ɗauke da shi, lambarsa kuma ta fara da 93, na watan Maris ne na 1979. Injin 7S26 bai fito ba sai 1996. Duk wanda ya rantse cewa mahaifinsa ya sayo irinsa a zamanin Murtala, ƙarfen ya ƙaryata shi, ko da shi kansa ya gaskata labarin. Seiko 5 ma a 1963 aka fara shi, babu mai shekarun Turawan mulki.

Agogunan Suwizalan sun fi wuya. Omega tana buga lambarta a jikin inji, sai an buɗe murfi, sannan a gwada ta da jadawalin shekaru da masu tara agoguna suka haɗa, wanda kan yi kuskuren shekara ɗaya ko biyu. Longines tana da kundayen rajista tun 1867, tana kuma amsa tambaya a kan lambar agogo. Rado, wanda alhazai suka fi ɗauka abin alfahari, lambobinsa ba su da wannan sauƙin, jabunsa kuma sun yi yawa, ko da yake sanin cewa DiaStar ya fito a 1962 yana kafa iyaka. Ga agogon da sunansa ya goge, akwai rumbun Ranfft a intanet, mai hotunan injuna dubbai, da Mikrolisk mai tattara tambarin masana'antu. Hoto mai kyau na inji da na murfi ya isa a fara bincike. (Idan fuskar agogo ta girmi shekarun 1960 kuma lambobinta na haske ne da dare, kada a kankare ta, don fentin wancan zamani yana ɗauke da sinadarin radiyam mai lahani.)

Sai dai waɗannan rumbuna an gina su ne don masu tara agoguna a Turai da Amurka da Japan, waɗanda ke neman agogon da ba a taɓa ba. Agogon da ya yi shekara arba'in a hannun ɗan kasuwar Gobir, cikin ƙurar hunturu da ruwan alwala, an canza masa gilashi da maɗauri, wataƙila an ɗauko murfi daga wani, inji daga wani. A irin wannan hali lambar baya shaida ce a kan murfi kawai. Nan ne tsohon mai gyaran agogo na bakin kasuwa ya fi kowane jadawali amfani, domin shi ya yi dashen, ko ya san hannun wanda ya yi. Ya san injin da ya dace da wace fuska, ya san shekarar da agogon batir ya kashe masa ciniki. Mutanen nan suna ƙarewa, yaransu sun koma gyaran waya, kuma abin da suka sani a kansu yake. Cibiyar adana tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su ne suka fi cancanta su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya, tun ana iya samun su.

Akwai mai cewa wannan wahala ce a kan abin da ba shi da tsada, kuma yana da gaskiyarsa: Seiko 5 na yau da kullum an ƙera shi miliyoyi, tsufa bai mayar da shi zinariya ba. Amma sanin hakan ma riba ce ga magada, don yana kashe zargi tun kafin ya tashi. Lambar kuma tana ba da abin da ake kafa tarihi a kai. Agogon Maris 1979 ba zai zama tsarabar hajjin 1975 ba, sai dai na wannan shekarar ko bayanta. Idan aka haɗa wannan da hoton alhaji da hatimin tsohon fasfo da abin da hajiya take tunawa, gidan da ya bar Gatawa ko wani ƙauyen Isa da kayan jikinsa kawai zai iya sanin shekarar da kakansa ya sauke farali, daga nan a lissafa auren wane da haihuwar wance.