Kuskuren Magani Ba Abin Ɓoyewa Ba Ne

'Yan'uwa manoma, in ƙungiyarmu ta raba irin masara, aka shuka bai tsira ba, ba mai yin shiru. Kafin Lahadi ta zagayo, magatakarda ya ji, shugaba ya ji, an kuma hana sauran mutane shuka shi. Amma in aka ba yaro maganin da ba nasa ba, ko aka ba shi fiye da kima, sai kowa ya kama bakinsa. Uwa tana tsoron faɗan maigida. Malamin dispensa yana tsoron a kore shi. Dattawa kuwa su ce, haka Allah ya nufa. Ashe irin masara ya fi ran yaro daraja a wurinmu?

Kuskuren magani iri-iri ne. Wani daga masana'anta yake fitowa. A shekara ta 1990, tsakanin Yuni da Satumba, yara 47 suka mutu a Jos bayan sun sha farasitamol na ruwa. An haɗa shi da wani ruwa mai dafi, sunansa dayetilin gilaikol, a maimakon ruwan da ya kamata. Dafin nan yana kashe ƙoda, har fitsari ya tsaya. A 2008 dafin nan ya sake shiga maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu a Nijeriya. Irin wannan masifa ba a gane ta sai an tara labari: wannan yaro ya sha kaza, wancan ma ya sha, ga alama iri ɗaya. Wanda aka binne a ƙauye ba a faɗa wa kowa ba, mutuwarsa ba ta ceci ɗan maƙwabci ba.

Wani kuskuren kuma a hannunmu yake faruwa. Likita ya ce ƙaramin cokali, wato mililita 5, mu kuwa mu ɗauki babban cokali mai cin mililita 15. Ka ga an ninka magani sau uku ke nan. Babban mutum ba ya wuce ƙwaya 8 na farasitamol mai miligiram 500 a yini ɗaya, amma sai mutum ya sha shi, ya ƙara da maganin mura na kemis wanda shi ma akwai farasitamol a ciki. Hanta ce take biyan wannan bashi. Akwai kuma masu gutsura wa yaro maganin babba, da masu daina maganin zazzaɓin cizon sauro a rana ta biyu, alhali na kwana 3 ne.

Ra'ayina shi ne, mu ne muke koya wa ma'aikatan lafiya ɓoye kuskure. In malami ɗaya yana duba layin mutane tun safe har la'asar, wata rana zai rikita ƙwayoyi biyu masu kama da juna. In ya faɗa muka kai shi gaban kwamiti muka tozarta shi, na bayansa ba zai ƙara faɗa ba. Kwalaben nan biyu kuwa suna nan kusa da juna a kan kanta, suna jiran wani. Mai sakaci da gangan, da mai sayar da jabu, a hukunta su. Amma wanda ya yi kuskure ya faɗi gaskiya, a gode masa, a gyara abin da ya jawo kuskuren. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Hanyar kai rahoto tana nan. An kafa hukumar NAFDAC a 1993, tana kuma da takarda mai launin rawaya da ma'aikatan lafiya suke cikawa in magani ya cuci mutum. Ga abin da kowace ƙungiya za ta iya yi:

1. In magani ya kawo ƙuraje, kumburi, suma, ko tsayawar fitsari, a dakata da shi, a kai mai ciwo asibiti a ranar.
2. Kada a yar da kwalba ko kwali. Lambar da ke jikinsa ita ce za a bi a gano sauran.
3. A faɗa wa likita dukan abin da aka sha, har da na gargajiya.
4. Magatakarda ya ajiye littafi, ya rubuta sunan magani, da inda aka saya, da abin da ya faru, ban da sunan wanda ya yi kuskure. A karanta shi a taron wata-wata.
5. Zumuntar mata ta koya wa iyaye auna magani da murfin awo ko sirinji, ba da cokalin gida ba.

Ku duba Ezekiyel sura 33. Mai tsaron da ya ga hatsari bai busa ƙaho ba, a hannunsa za a nemi jinin wanda ya hallaka. Kowannenmu mai tsaron ɗan'uwansa ne. Ubangiji ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya, da zuciyar gafarta wa wanda ya faɗe ta. Amin.