HATSARIN MOTA: ƘADDARA BA TA KANKARE LAMUNI

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata kalma ta gaskiya da muke yi wa mummunan amfani a bakin titi, ita ce kalmar ƙaddara. Da zarar motoci biyu sun yi karo, ko mota ta buge ɗan acaɓa ko mai tafiya a ƙasa, kafin a gama kwashe gilasan da suka zube sai ka ji an ce, "Haƙuri za a yi, ƙaddara ce." Imani da ƙaddara rukuni ne daga rukunan imani guda shida, babu Musulmin da ke jayayya a kansa. Amma Ubangijin da Ya ƙaddara hatsarin, Shi ne dai Ya saukar da aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, inda Ya wajabta diyya ga iyalan muminin da aka kashe bisa kuskure, tare da kaffarar 'yanta wuya, wanda bai samu ba kuma ya yi azumin wata biyu a jere. Ba yadda za a yi a san wanda diyya da kaffara suka hau kansa sai an fara sanin wanda ya jawo abin. Ashe ke nan binciken mai laifi a hatsari aikin addini ne tun kafin ya zama aikin ɗan sanda ko kamfanin inshora.

To, yaya muke yanke wannan hukunci a yau? Taron jama'a ne ke zama alƙali, kuma dokarsa sananniya ce: babbar mota ita ce da laifi a kan ƙarama, ƙarama ita ce da laifi a kan babur, ko da mai babur ɗin ya shigo ta hannun da ba nasa ba. Idan kuwa mai motar babban mutum ne ko mai kayan sarki, sai dokar ta juye. Baƙo ba ya gaskiya a garin da ba nasa ba. Wannan ne ya sa direba yake tserewa ya bar wanda ya buge kwance cikin jini, don ya san duka zai riga tambaya, wani lokaci ma a cinna wa motar wuta. Wanda da an kai shi asibiti da wuri zai rayu da izinin Allah, sai ya cika a gefen hanya, alhali masu dukan suna ganin taimakonsa suke yi.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa mai kora dabba da mai janta da wanda ke kanta, duka suna lamunce abin da ta taka. A mazhabar Maliku, idan mahaya biyu suka yi karo bisa kuskure suka mutu, diyyar kowannensu tana kan dangin ɗayan, kuɗin dokin kuwa daga dukiyar wanda ya halaka shi za a fitar. Shafi'awa suka ce rabin diyya ne, domin kowanne yana da hannu a mutuwar kansa. Sun kuma tattauna karon jiragen ruwa, suka rarrabe tsakanin matuƙin da iska ta fi ƙarfinsa haƙiƙatan da wanda yake da ikon kaucewa bai kauce ba. Duk wanda ya yi nazarin waɗannan mas'aloli zai ga tambayarsu ɗaya ce: wa ke riƙe da linzami, kuma ya yi abin da ya wajaba a kansa?

A zamaninmu Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta ɗora mota a kan wannan ma'auni a zamanta na 8 da ta yi a Burunai a shekarar 1993. Ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana lamunce ɓarnar da ya yi wa jiki ko dukiya, ba a ɗauke masa sai a hali uku: idan wani abu ne da ya fi ƙarfinsa wanda ba zai iya tunkuɗewa ko kauce masa ba, ko aikin wanda abin ya shafa shi ne ya yi tasiri mai ƙarfi wajen jawo hatsarin, ko kuma laifin wani na uku ne, sai lamunin ya koma kan wannan na ukun. Idan mutum biyu suka haɗu wajen jawo ɓarna, kowa ya ɗauki gwargwadon tasirinsa, in ba a iya tantancewa ba a raba daidai. A lura da hali na farko, domin nan ne ake yawan fakewa. Direban da ya bar tasha da taya sule da birkin da ya san yana wasa, ya yi lodin da ya wuce kima, ya kwana biyu bai runtsa ba, sannan taya ta fashe a hanyar Kaduna zuwa Zariya, ba zai ce abin ya fi ƙarfinsa ba. Ya riga ya yi sakacinsa tun kafin ya tayar da mota.

Sai maganar inshora. Tun dokar 1945 aka wajabta wa mai mota a Nijeriya ya mallaki inshorar da za ta biya wanda ya cutar, sabuwar dokar inshora ta 2025 ma ba ta ɗage wannan ba. A watan Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin wannan inshora ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Kamfani ba ya biyan ko kwabo sai ya tabbatar cewa wanda ya yi inshora wurinsa shi ne da laifi, yana kuma dogara ne da rahoton 'yan sanda da zanen wurin da hotuna da bayanin shaidu. Da yawa cikinmu sun ɗauki takardar a matsayin abin nuna wa ɗan sanda kawai, shi ya sa ake sayen ta bogi a bakin ofishin lasin, ranar da aka buge marayan wani kuma a tarar babu kamfanin da ya san da ita.

Matsayin malamai game da inshorar kasuwanci sananne ne. Majalisar da muka ambata ta yanke a Jidda a 1985 cewa ƙullinta ɓatacce ne saboda yawan gararin da ke cikinsa, ta nuna inshorar taimakekeniya a madadinta. Uzurin rashin mafita kuwa ya ragu ƙwarai tun da NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, har aka ba kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful lasin. Amma wasu sun ɗauki waccan fatawa sun mai da ita lasin yin ƙarya, suna cewa ai dukiyar kamfanin haram ce, a ci kawai. Sai a haɗa baki a ɗora laifin a kan motar da inshorarta ta fi ƙarfi. A ɓoye yaron da ke tuƙi ba lasin, a ce maigida ne a kan sitiyari. A sa bakanike da mai gyaran jikin mota su ninka kuɗin aiki a takarda, a cusa tsohuwar lotsawa cikin sabuwa. Wannan shaidar zur ce, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya lissafa ta cikin mafi girman manyan zunubai. Ɓacin ƙulli bai halatta wa kowa ƙarya ba. Idan kuwa takaful ne, to asusun gudummawar 'yan'uwansa Musulmi mutum ya yi wa sata.

Akwai wata tambaya da ke damun masu tsoron Allah. Takardun inshora sukan gindaya sharaɗi cewa kada mai mota ya amsa laifi ko ya yi alkawarin biya ba tare da yardar kamfani ba. Shin hakan bai ci karo da aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ba, wadda ta umarce mu da tsayar da shaida ko da a kan kawunanmu ne? A ganinmu akwai bambanci tsakanin ba da labari da yanke hukunci. Wajibi ne direba ya faɗi abin da ya faru yadda ya faru: gudun da yake yi, ko ya ba da sigina, ko yana kan waya. Rabon laifi kuma ya bar wa masu bincike, domin wanda ke cikin firgici yakan ɗauki laifin da ba nasa ba. Amma duk ranar da kamfani ko lauyansa ya nemi ya canza labarin, to biyayya ta ƙare a nan. Haka ma fasinja da mai shagon bakin titi da suka ga komai amma suka sulale don gudun zirga-zirgar caji ofis, su sake karanta aya ta 283 ta Suratul Baƙara a kan ɓoye shaida.

Wani zai ce yafiya ta fi. Ƙwarai kuwa, ayar diyyar kanta ta buɗe wannan ƙofa. Sai dai mai haƙƙi ne yake yafewa, bayan ya san haƙƙinsa. Diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya, kuma gado ce da ake rabawa bisa ƙa'idar rabon gado. Abin da muke gani shi ne, ranar sadakar uku wani baffa zai miƙe a gaban jama'a ya ce, "Mun yafe duniya da lahira," ba a tambayi matar mamacin da ke cikin takaba ba, kuma ga yara ƙanana waɗanda waliyyinsu ba shi da ikon kyautar da dukiyarsu. Baffan ya tafi da yabo, marayun su tashi ba kuɗin makaranta. Shi kuma direban ya ɗauka ya fita, alhali yafe diyya ba ya sauke kaffara.

Gaskiya ne direban haya ba zai iya biyan wannan adadi shi kaɗai ba, Shari'a ma ba ta ɗora masa shi kaɗai ba. Ta ɗora diyyar kuskure a kan aƙila, wato danginsa na wajen uba, Sayyidina Umar (R.A.) kuma ya mai da ita kan waɗanda suke rajista ɗaya a diwani. A zamanta na Dubai a 2005, Majalisar Fiƙihu ta ce idan babu dangin da za su ɗauka, takaful ko ƙungiyar masu sana'a ɗaya na iya tsayawa a matsayinsu matuƙar tsarinsu ya tanadi haka. Ƙungiyoyin direbobi da na masu a-daidaita-sahu suna karɓar kuɗin tikiti kowace safiya a kowace tasha. Muna kira ga 'yan'uwanmu da ke cikinsu, da malaman da ke wa'azi a masallatan tasha, su nemi a ware wani kaso sananne daga wannan kuɗi, a rubuce, don biyan diyya da jinyar waɗanda membobinsu suka buge, tare da kwamitin da zai riƙa isa wurin hatsari ya rubuta sunayen shaidu kafin taro ya watse.