Sayen Nagari: Lissafin Kafintan Rano da Injin Mai Batir

Da zarar an kammala girbi a ƙasar Rano da Kibiya, kuɗi sun shiga hannun manoma, sai aikin kafinta ya buɗe. Wannan yana son a rufa masa ɗakin da ya tayar tun bara, wancan zai aurar da ’ya yana neman gado da kujeru, wani kuma yana son a ɗora masa farantin sola a kan kwano. Mafi yawan ayyukan nan ana yin su ne a inda babu tabbacin wutar KEDCO, a garuruwa irin su Rurum da Tarai da ƙauyukan da ke kewaye da su. Saboda haka tambayar wane irin injin huda ko zarto ma’aikaci zai saya ta zama tambayar abincin gidansa.

Har zuwa ’yan shekarun nan amsar mai sauƙi ce: injin mai waya da ƙaramin janareta. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya rushe wannan lissafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Kafintan da ke kunna janareta ya bar shi yana ta ruri domin ya huda ’yan ramuka, ribarsa yake ƙonawa.

A gefe guda, batirin lithium mai ƙarfin volt 18 da amp-hour 5 yana riƙe wuta watt-hour 90 ne kacal. Ko a farashin rukunin Band A, naira 225 kowane kilowatt-hour da aka sanar a Afrilun 2024, cika shi bai wuce naira 25 ba. Ƙaramin farantin sola da inbata ma sun isa su cika shi. Ga kuma sauƙin hawa saman rufi ba tare da jan waya ba.

Amfanin injin mai batir a fili yake. Inda ra’ayi ya rabu shi ne tsakanin na manyan kamfanoni irin su Makita na Japan, Bosch na Jamus da DeWalt na Amurka, da kuma masu rahusa da suka cika kasuwannin Kano. Hujjar masu sayen na araha tana da ƙarfi: tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin 2024, kuma duk kayan nan daga waje ake shigo da su.

Duk da haka, ga wanda yake aiki kullum, mai tsadar ya fi sauƙi idan aka raba kuɗinsa a kan shekarun da zai yi. Dalili na farko yana cikin batir. Makita ta fito da tsarinta na LXT mai volt 18 tun 2005, kuma batir ɗaya yana shiga injin huda, da zarto, da injin yankan ƙarfe, da fitila. Wanda ya mallaki batir biyu da caja, gangar injin kawai zai riƙa ƙarawa. Injin da ba a san kamfaninsa ba kuwa, ranar da batirinsa ya mutu sau da yawa ba a samun madadinsa, sai a jingine shi a lungun shago.

Dalili na biyu ƙura da zafi ne. Motar da ba ta da burushin gawayi ba ta saurin cinyewa, kuma batir nagari yana katse wuta da kansa idan ya yi zafi fiye da kima. A wurin da zafin Afrilu ke kai digiri 40, wannan kariya tana ƙara wa batir kwana. Dalili na uku lokaci ne. Injin da ya tsaya a tsakiyar rufi a Kibiya yana nufin tafiya birni, kuɗin mota, da yinin aiki da ya salwanta, ga mai gida yana jira.

Shawarar tana da iyaka. Ma’aikacin gwamnatin da zai rataye labule sau biyu a shekara ba ya buƙatar Bosch. Mai matsakaicin kuɗi irin na Ingco ya ishe shi. Babbar barazana kuma ita ce jabu. Wanda ya biya kuɗin asali ya karɓi kwaikwayo ya yi asara biyu, don haka ya kamata a saya wurin dillalin da zai ba da rasit da garanti, a kuma tabbatar yana da batir da caja na canji.

Matsalar da ta rage ita ce tara kuɗin a lokaci guda, kuma masu sana’a sun daɗe da maganinta: adashe. Kafintoci biyar da suka amince da kamfani ɗaya za su iya saye bi da bi, suna aron batir a tsakaninsu. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. A ƙasar Rano, inda aikin shekara ke taruwa cikin watannin rani, kuɗin na komawa gida ne ta hanyar ranakun da aiki bai tsaya ba.