Malaman Rawa Da Shugabannin "Raya Al'adu": Al'adar Wa Ake Rayawa?

 

Duk wanda yake halartar manyan taruka a Dutse, ko bikin raba kyaututtuka a makarantun ƙasar Ringim, ya riga ya haddace yadda tsarin yake tafiya. Za a buɗe da addu'a, a karanta jawabin maraba, sannan mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya ce wai lokaci ya yi da za a nishaɗantar da manyan baƙi. Nan take sai a turo samari da 'yan mata cikin fili, a kaɗa musu ganga, su yi ta juyi a gaban mutanen da suka haife su, manyan baƙi suna tafi suna liƙi. Idan an gama kuma a sake kiran liman ya rufe taro da addu'a, kamar babu abin da ya faru.

Su waɗannan yara ba da kansu suka tashi suka shirya wannan abu ba. Akwai masu ofis da suka tsara shi, akwai darakta da ya sa hannu a kan kuɗinsa, akwai kuma wanda ake kira malamin rawa, wanda ya yi makonni yana koya musu inda za su sa ƙafa da yadda za su karkaɗa kafaɗa. Kan waɗannan shugabanni da malamai ne maganar yau take, domin su ne suke ɓoye a bayan labule, su ne kuma ba a taɓa tambayar su komai.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Ruwa ba ya tsami banza. Jera mutanen ƙasa a gaban baƙo domin ya yi kallo ya ji daɗi, darasi ne da 'yan mulkin mallaka suka koyar. Hawan Sallah tsoho ne a ƙasar Hausa, tsakanin sarki ne da jama'arsa. Amma Turawa da suka ci Kano a 1903, suka kashe Sarkin Haɗeja Muhammadu a 1906, sai suka ɗauko tsarin daba daga Indiya suka ɗora a kansa. A 1925 aka tara sarakuna da dawakansu da makaɗansu a Kano domin Yarima mai jiran gadon Ingila ya yi kallo. A 1956 aka sake tara su a Kaduna domin Sarauniya Elizabeth. 'Ya'yan waɗanda suka ja daga da Bature jiya, su ne aka mayar abin kallonsa yau.

Da Bature ya tafi sai ya bar magada. Bayan yaƙin basasa, a 1970, gwamnatin soja ta soma bikin fasaha da al'adu na ƙasa, inda kowace jiha take kai 'yan wasanta a yi gasa. A nan gizo yake saƙar. Tunda gasa ce, to dole kowace jiha ta nemi kofi, mai neman kofi kuwa dole ya ajiye 'yan rawa na dindindin, ya ɗauki mai horar da su, ya buɗe musu ofis. A 1975 aka yi dokar soja da ta kafa majalisar ƙasa ta fasaha da al'adu. Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977 aka yi bikin FESTAC, aka gayyato ƙasashe fiye da 50, aka gina katafaren gidan wasa a Iganmu ta Legas wanda wani kamfanin ƙasar Bulgeriya ya yi kwangilarsa, aka gina Otal ɗin Daba a Kaduna domin baƙin hawan da aka yi a can. Kuɗin man fetur ya sha wuta. Shi otal ɗin ma an rushe shi a 2020. A 1988 aka fitar da manufar al'adu ta ƙasa, a 1991 aka yi dokar da ta tabbatar da ƙungiyar 'yan rawa ta ƙasa, wadda Hubert Ogunde ya aza harsashinta kafin mutuwarsa a 1990.

A wannan shekara ta 1991 ɗin, ranar 27 ga Agusta, aka yanko Jigawa daga Kano, Dutse ta zama hedkwata, Ringim kuma ta samu masarautarta. Sabuwar jiha ta zo da gadon tsohuwa, har da hukumar tarihi da raya al'adu. Ita ta Kano, mai karatu zai so ya san inda aka ajiye ofishinta. Gidan Ɗan Hausa ne, wato gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Biri ya yi kama da mutum.

GARGAJIYAR DA KAKA TA GIRME TA

Babbar hujjar shugabannin nan ita ce wai suna raya gadon iyaye da kakanni. To, ɗan uwa mai karatu ya je Sankara ko Dabi ko Kyarama, ya zauna da dattijon da ya haura tamanin, ya tambaye shi kiɗan da ya tashi ya tarar. Zai ba shi labarin gangar noma da ake kaɗa wa manoma ranar gayya domin su ƙara himma. Zai faɗi dundufar maƙera, da kalangun mahauta, da gaɗar da 'yan mata suke yi a dandali tsakaninsu idan wata ya yi haske. Ko mene ne hukuncin malamai a kan kowane ɗaya daga cikinsu, kowanne yana da masu shi da lokacinsa, yana kuma da iyakar da dattawan gari suke tsawatarwa idan an ƙetare.

Malamin rawa shi ne ya zo ya yanke waɗannan abubuwa daga jijiyarsu. Ya ɗauko rawar noma ya kai ta kan siminti, ya ba yaron da bai taɓa yin huɗa ba fartanya, ya ce ya yi ta sarar iska har minti goma su cika. Ya ɗauko gaɗar da mata suke yi a tsakaninsu ya kawo ta gaban maza. Har bori, wanda Mujaddadi Shehu Usmanu da jama'arsa suka yi ta faɗa da shi, an wanke shi an sa masa sunan "wasan gargajiya" ana hawa da shi kan dandamali.

Rawar koroso ta isa misali. Ita ce tambarin tsohuwar Jihar Kano a wajen bukukuwa, ita ce kuma makarantu suka fi kwaikwaya. A shekarun 1970 aka harhaɗa ta a Kano, aka tsinto taku daga wasannin Fulani da na Hausawa aka ɗinka su wuri guda saboda bukukuwan gwamnati, aka raɗa mata suna daga kacau-kacau ɗin da 'yan rawa suke ɗaurawa a ƙafa. Ashe dai akwai dubban tsofaffi a ƙasar Ringim da suka girme wa wannan "gargajiya". Kaka tana zaune a gida da carbinta, ana can ana koya wa jikarta wata rawa da sunan gadonta, alhali ita ba ta taɓa ganin ta ba sai a talabijin.

HUJJOJINSU DA AMSOSHINSU

Sukan ce ai malamai sun yi saɓani a kan kiɗa. Haka ne, kuma babu mai ɓoye wannan. An ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a masallacin Madina ranar idi, an kuma yi rangwame ga buga mandiri a wajen aure. Shehu Usmanu kansa, a rubuce-rubucensa na ƙarshen rayuwa, ya ja kunnen almajirai da kada su tsananta inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani a kai. Amma shi ɗin dai ne, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa shagaltuwa da kaɗe-kaɗe dare da rana ba tare da wata manufa ta shari'a ba a cikin alamomin mulkin da ya zo ya kawar, ya kuma yi bayanin cewa Musulmi suna buga ganga ne domin abu mai dalili kamar tara runduna. Sannan wane malami ne, a wace mazhaba, ya halatta a tsayar da budurwa baliga tana karkaɗa jiki a gaban taron maza? Saɓanin da ake fakewa da shi bai taɓa kaiwa nan ba.

Sukan ce ai sana'a ce, ana sama wa matasa abin yi. Sana'ar da jarinta shi ne ƙuruciyar jiki, yaya za ta kasance ranar da gwiwa ta ƙi? Darakta zai yi ritaya ya karɓi fanshonsa. Malamin rawa zai ɗebo sababbin yara. Shi kuwa wanda ya ƙarar da shekarun koyo yana tsalle, zai wayi gari ba karatu, ba gona, ba ƙira. Kuma idan har sana'ar tana da daraja kamar yadda suke faɗa a jawabi, wa ya taɓa ganin 'yar kwamishina ko 'yar babban sakatare da koroso a ƙafa? 'Ya'yansu suna jami'a suna karatun likitanci da lauya. 'Yar talaka ce kullum ake tunawa da ita idan za a "raya al'ada".

Sukan ce ai rawa tana haɗa kan ƙasa. Tun 1970 ake wannan rawa, sama da shekara 50 ke nan. Mai karatu ya duba ƙasar ya yi wa kansa alƙalanci. Adalci ne yake haɗa kan mutane, shi kuwa ba a koyon sa a filin atisayen rawa.

Ga kuma tufka da warwara. A shekarar 2000 Jigawa da Kano suka shiga sahun jihohin da suka ƙaddamar da shari'a. A 2001 Kano ta kafa hukumar tace finafinai, kuma rawar maza da mata da aka kwaikwayo daga finafinan Indiya tana cikin manyan abubuwan da aka yi ta kuka da su. 'Yan Hisba sukan kai samame gidajen gala a kasuwanni. To, mene ne bambancin rawar gidan gala da ta zauren taro, in ban da cewa ɗaya talaka ne ya biya kuɗin ƙofa, ɗayar kuwa daga baitulmali aka biya, ɗan sanda kuma yana gadin ƙofa?

ABIN DA AKA BARI A BAYA

A manhajar ilimin bai-ɗaya ta 2007 aka cire Tarihi daga matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, aka bar darasin al'adu da fasaha, wanda kiɗa da rawa suke cikinsa. Sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar zaɓo malamai 3,700 domin horar da su su dawo da koyar da Tarihin. A tsakanin waɗannan shekaru an yaye yaran da suka iya taku goma na koroso, amma ba su san abin da ya faru a Haɗeja a 1906 ba, ba su san Sarkin Musulmi Attahiru da Burmi ba.

Idan da gaske ake son al'ada, ai ga ta nan jibge tana jiran mai ɗauka. Ga zanen kan duwatsu na Birnin Kudu. Ga littattafan ajami da na Larabci a cikin gafakar malamai gara tana ci. Ga tsangayun alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da ka. Ga tarihin layin dogon Kano zuwa Nguru da ya ratsa Ringim ya mayar da ita tashar gyaɗa. Ga saƙa da rini da jima da dukanci suna mutuwa tare da masu su. Ga ilimin masunta da manoman fadama a kan halin Kogin Haɗeja, wanda ambaliyar 2022 ta nuna yadda ake buƙatar sa. Duk wannan aiki ne mai wahala, ba a samun kofi da shi, ba a samun alawus ɗin tafiya biki, shi ya sa ba a waiwayar sa.

Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta tarar da matan karkara a hannun bori. Sai ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa irin wadda Innar Gobir, shugabar bori, take sawa, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata tsarki da salla da tarihi cikin waƙe. Ita ta karɓi kayan bori ta mayar da su kayan makaranta. Malaman rawa na yau sun karɓi makaranta suna mayar da ita filin bori. Wannan shi ne bambancin malama da "malami".

AIKIN DA KE GABAN MATASA

Su yaran da ake sa wa koroso 'yan uwa ne, ƙanne ne, kuma su aka zalunta. Babu mai jifan su ko zagin su ko tarwatsa taro, domin hakan ba ya cikin tarbiyyar Musulunci, kuma zai ba masu ofis abin da suke nema ne kawai, wato su ce ga 'yan tayar da fitina. Aikin ya fi haka wuya. Duk matashin da yake da ƙanwa ko 'ya a makaranta, ya halarci taron iyaye da malamai, ya tambayi shugaban makaranta cikin ladabi wa ya ba da izinin fito da ita rawa, ya kuma kawo madadi: musabaƙar Alƙur'ani, muhawara, kacici-kacicin tarihin masarautun Jigawa biyar, baje kolin sana'ar hannu. Masu ilimin boko su nemi kasafin kuɗin jiha, su duba abin da aka ware wa bukukuwa da abin da aka ware wa adana littattafai, su kai wa ɗan majalisarsu a rubuce. Limamai kuma su daina yarda a mayar da addu'arsu murfin tukunyar da ba su san abin da aka dafa a ciki ba.

Ga shugabannin hukumomin da malamansu kuwa, nasiha ce. Amana ce a hannunsu, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Ranar da za a tambaye su a kan 'ya'yan mutane, babu kofin da zai yi ceto.

Allah Ya nuna wa al'umma gaskiya Ya ba ta ikon bin ta, Ya nuna mata ƙarya Ya ba ta ikon guje mata.