Raunin Kai Da Aka Manta, Taɓin Hankalin Da Ke Biyo Baya

Idan mai babur ya faɗi kansa ya bugi kwalta, aka ɗinke raunin aka sallame shi daga asibiti, iyalinsa kan ɗauka magana ta ƙare. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa sun daɗe da sanin cewa bugun da ya taɓa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, ko sashen da ke daura da kunne, yana iya haifar da taɓin hankali. Mutum ya riƙa jin muryoyin da ba wanda ke yin su, ko ya haƙiƙance cewa 'yan'uwansa na neman halaka shi. Ƙalilan ne ke kamuwa da wannan larura, wasunsu har da farfaɗiya.

Babbar matsalar ita ce jinkiri. Alamomin kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kafin su bayyana. A lokacin an manta da haɗarin, sai zargi ya koma kan aljanu, ko sammu, ko shaye-shaye. Ɗan kasuwar da ya fara zargin yaran shagonsa ba dalili yakan rasa jarinsa, ma'aikacin gwamnati kuma ya sha takardun gargaɗi, alhali dukkansu likita suke buƙata.

Dokoki dai akwai su. Tun Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tilasta sanya hular kwano, amma titunan Kano da Kaduna sun isa shaida yadda aka yi watsi da ita. A Janairun 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Sai dai doka ba ta duba marar lafiya. Likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, asibitocinsu kuma, irin na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau, sun yi wa mutanen karkara nisa.

Akwai gyaran da ba ya jiran kasafin kuɗi. Duk wanda ya suma bayan bugun kai ya kamata a sallame shi da rubutaccen bayani da ranar komawa asibiti. Iyali kuma, idan halin mutum ya sauya, su fara gaya wa likita labarin tsohon haɗarin, domin shi zai sa a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ciwon yana jin magani, musamman idan an kai marar lafiya da wuri.